Ciwon da Ba Ya Kumbura Ƙafa: Ilmin Lafiya da Rayukan Yaranmu a Nguru da Gashuwa

Duk wanda ya zauna a Gashuwa, ko da na ɗan lokaci ne, ya kuma kasa kunne ga hirar mutanenta a bakin kasuwa ko a ƙofar masallaci bayan sallar La'asar, zai tarar da cewa wahala ta karantar da jama'ar wannan gari wani fanni na ilmi da ba kowane gari ya same shi ba, wato sanin ciwon ƙoda. Shekara da shekaru wannan cuta tana ɗibar mutane a ƙasar Bade da sauran garuruwan da ke bin gaɓar kogin Yobe, har ta kai gwamnatin jiha ta sa masana su binciki musabbabinta. A sanadiyyar haka, sau da yawa za ka ga dattijuwar da ba ta taɓa zama a aji ba, idan ta lura fuskar jikanta ta kumbura da safe, ko ƙafarsa ta tasa, ko fitsarinsa ya ragu, ba ta tsayawa neman shawarar kowa, sai ta ce a kai shi asibiti a auna. Ta san alama, ta san ƙofar da ake nufa, ta kuma san cewa jinkiri halaka ne. Abin da masana suke nufi ke nan idan sun yi zancen ilmin kiwon lafiya: mutum ya iya samo sahihin bayani game da lafiyarsa, ya fahimce shi, ya rarrabe shi da jita-jita, sa'an nan ya yi aiki da shi kafin lokaci ya ƙure.

To, akwai wani ciwo da ke zaune a gidajenmu na Nguru da Gashuwa, kamar yadda yake zaune a gidajen duniya baki ɗaya, wanda ba ya kumbura ƙafa, ba ya kuma bayyana a awon jini, amma idan aka bar shi ya yi tsanani yakan kai yaro ga tunanin raba kansa da duniya, wato ciwon damuwa. Waɗanda nake nufi su ne yara 'yan shekara 10 zuwa 14, waɗanda malaman fiƙihu ke kira murahiƙai, sun bar ƙuruciya amma ba su cika balaga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a kowace shekara, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29, wannan musiba ita ce ta uku a cikin abubuwan da suka fi cin rayuka. Hukumar ta ƙara da cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana ɗauke da wata larura ta ƙwaƙwalwa, kuma kimanin rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ma'ana, abin da ke kayar da saurayi ɗan shekara ashirin, sau da yawa tun yana aji shida na firamare ya fara cinsa, alhali kuwa ba wanda ya ankara.

Dalilan rashin ankarar nan ba ɓoyayyu ba ne. Mafi yawan mace-mace a Nijeriya ba a rubuta su a wani kundi, balle a rubuta sababinsu. Iyalin da irin wannan ƙaddara ta faɗa wa kuwa sukan rufa asiri, su ce gajeriyar rashin lafiya ce, domin gudun abin da za a faɗa a kan gidansu da auren 'ya'yansu mata. Ga kuma doka: sashe na 231 na Final Kod, wanda ke aiki a jihohin Arewa tun 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ko duka biyu, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba. A ganina wannan tanadi ɓarnarsa ta rinjayi amfaninsa nesa ba kusa ba, domin uban da ya san akwai 'yan sanda a cikin lamarin, zai gwammace ya ɓoye ɗansa a ɗaki da ya kai shi gaban likita. Ƙasar Gana ta shafe irin wannan hukunci daga dokokinta a 2023, kuma ya kamata majalisunmu su bi sahu.

Kada a ce yaro ba shi da abin damuwa. Yaron da aka haifa a wannan yanki cikin shekarun nan ya buɗe ido ne ya tarar da iyayensa cikin jarrabawa iri-iri. Nguru, wadda jirgin ƙasa ya iso ta a 1930 ya mayar da ita matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro da dabbobi, ta ga yadda harkar dogo ta durƙushe. Fadamun Haɗeja da Nguru, waɗanda suka ciyar da masunta da manoman shinkafa da makiyaya tun kaka da kakanni, ruwansu ya sauya hali bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kacalla kuma ta toshe magudanai ta cinye gonaki. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje ta raba iyalai da muhallansu. A kan hanyar Gashuwa zuwa Damaturu kuwa akwai Dapchi, inda a ranar 19 ga Fabrairun 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kwana, kafin a dawo da mafi yawansu bayan wata guda, kuma tun gabanin haka an yi wa ɗalibai kisan gilla a Mamudo da Gujba da Buni Yadi da Potiskum. Yarinyar da ke kwana a ɗakin kwanan ɗalibai a yau ta ji waɗannan labarai tun tana goye. Ƙara da yaron da ya ga an sayar da gona da shanu domin wankin ƙodar mahaifinsa, daga bisani kuma aka rasa shi. Da almajirin da aka kawo daga nesa yana ɗan shekara bakwai, ba ya da wanda zai kira Inna. Da yarinyar da ta ji ana ƙus-ƙus ɗin aurar da ita ga wanda ba ta so. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da shi kaɗai yake sa yaro ya kashe kansa, kuma galibin yaran da suka sha su suna tsallakewa da ikon Allah. Hatsarin yana zuwa ne idan nauyi ya haɗu da ciwon damuwa, ciwon ya haɗu da kaɗaici, sa'an nan aka yi rashin sa'a abin halaka yana kusa da hannu.

Farkon ilmin da ya wajaba a kan iyaye shi ne su san cewa ciwon damuwa ba ya zuwa wa yaro da kamannin da yake zuwa wa babba. Ɗauki misalin yarinya 'yar shekara goma sha uku mai tallan ƙosai ko soyayyen kifi a tasha. Da can ita ce mai surutun gida, yanzu ta yi makonni ba ta son magana. Abinci sai ta taɓa ta ture. Da dare tana juyi, da safe ta kasa tashi. Abu kaɗan ta fashe da kuka ko ta hau ƙannenta da duka. Ta daina zuwa gaɗa, ta daina kitso, haddar da take riƙewa a Islamiyya ta fara zubewa. Idan aka tambaye ta sai ta ce, "Inna, kaina ke ciwo," ko "Ƙirjina ya yi mini nauyi." Sai a aiki ƙaninta wurin mai kemis ya karɓo maganin zazzaɓi da na ciwon kai, a sake karɓowa bayan sati, har a gaji a ce lalaci ne ko taurin kai, a haɗa mata da bulala. Ranar da ta ce, "Ni dai na gaji da duniyar nan," ko "Da ma ba a haife ni ba," ko "Kun kusa hutawa da ni," sai uwar ta ce, "A'uzu billahi, rufe mana baki," zance ya mutu a nan. Alhali kuwa wannan kalma ita ce kumburin ƙafar wannan ciwo. Likitoci suna cewa idan irin waɗannan sauye-sauye suka wuce mako biyu suna hana yaro harkokinsa, to ya kamata a duba shi. Idan kuwa ya ambaci mutuwa, ko ya fara rabar da 'yan kayansa, ko yana neman gafarar mutane ba gaira ba dalili, to ranar ce ta neman taimako, ba gobe ba.

Akwai kurakurai biyu da suka yi kaka-gida a zukatan jama'a, masu ilmi da marasa shi. Na farko, wai mai faɗa ba ya aikatawa. Bincike kuwa ya nuna da yawa daga cikin waɗanda suka aikata sun yi wa wani ishara tukuna. Na biyu, wai tambayar yaro ko yana tunanin kashe kansa tamkar cusa masa ra'ayin ne. An gwada wannan a kan dubban ɗalibai, aka tarar tambayar ba ta ƙara hatsari, hasali ma takan sauƙaƙa wa mai ɗauke da nauyin, domin ya samu wanda bai firgita da sirrinsa ba.

Sai dai a nan tarbiyyarmu tana da wata sarƙaƙiya da ya kamata mu dube ta da adalci. Mun tashi an hore mu da kunya da kawaici, an ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma waɗannan ɗabi'u ne na ƙwarai da suka riƙe zumunci. Amma uwar da ke kunyar ɗan farinta har ba ta kama sunansa, da uban da 'ya'yansa ke watsewa idan ya yi gyaran murya a zaure, da wuya yaro ya tunkare su da abin da shi kansa yake jin tsoron furtawa. Abin farin ciki, al'adar da ta rufe wannan ƙofa ita ce kuma ta buɗe wata. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, babu shamaki. Akwai goggo da kawu da yayar da ta yi aure, waɗanda yaro ke iya zama kusa da su ya saki jiki. Kakar da ke kiran jikanta "maigidana" tana tsokanarsa, ita ce ta fi kowa damar ta ja shi gefe bayan sallar Isha'i ta ce, "Zo nan, maigida, kwana biyu ba na gane maka. Me ke cin ranka? Ko har ka taɓa jin gara ka mutu?" Idan ya ce e, kada ta yi salati da ƙarfi ta tara masa jama'a, kada kuma ta rufe shi da wa'azi, ta saurara har ya gama, ta gode masa da ya faɗa, ta ce masa ba za a bar shi shi kaɗai ba. Ilmin lafiyar da ya tsaya a kan allon makaranta bai kai ga wannan kaka ba, rabinsa ya tafi a banza.

Wani zai ce, ai musulmi ba ya kashe kansa, wanda ya yi tunanin haka imaninsa ne ya yi rauni. Haramcin kashe kai tabbatacce ne a Alƙur'ani, a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i, da kuma hadisai ingantattu, kuma ko shakka babu wannan haramci garkuwa ce da ta tsare rayuka masu yawa. Amma mayar da kowane baƙin ciki raunin imani jahilci ne da magabata ba su yi shi ba. Suratu Yusuf ta ba da labarin yadda baƙin ciki ya shafi idanun Annabi Yaƙubu, alaihis salam. Malaman Sira kuma sun kira shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu shekarar baƙin ciki. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 934 Miladiyya, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya rarrabe baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke auka wa mutum ba tare da wani sababi bayyananne ba, ya ce na biyun yana da tushe a jiki, kuma yana bukatar magani tare da nasiha da kyakkyawar mu'amala. Malaman usulu, irin su Gazali da Shaɗibi, sun lissafa tsare rai da tsare hankali a cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin kiyaye su. Yaron da bai balaga ba kuwa ba mukallafi ba ne. Alhakin kiyaye ransa yana wuyan waliyyansa. Saboda haka limamin da ya hau mumbari ranar Juma'a ya ambaci azabar mai kashe kansa, ya cika amana idan ya ƙara da cewa ciwon damuwa cuta ce mai magani, kuma kai mai ita asibiti ibada ce.

Ba na cikin masu cewa a bar addu'a da ruƙiyya. Iyali za su je wurin malam ko an so ko an ƙi, kuma natsuwar da suke samu a can gaskiya ce. Abin da ake nema shi ne malam ya san iyakar fanninsa, ya ce, "Mun yi addu'a, yanzu ku wuce asibiti." Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, cewa likita da masu maganin gargajiya da dangin majiyyaci suna iya aiki tare a samu waraka. Abin da ba shi da hujja a addini ko a likitanci shi ne mari da sarƙa da duka da sunan fitar da iska ko gyaran hali, irin abin da aka bankaɗo a wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina a 2019, wanda ya girgiza duk mai imani.

Shaye-shaye ma yana da hannu dumu-dumu. Tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a watan Mayun 2018, da sholisho da sauran tarkace, yaro yakan fara su ne domin ƙarfin aiki a gona ko domin ya manta da abin da ke damunsa, su kuwa su ƙara masa duhun zuciya, su cire masa birkin da ke hana mutum aikata abin da zai yi nadama.

Yanzu ga batun da na fi so manoma su riƙe. A wurin yara, niyyar kashe kai galibi ba daɗaɗɗen shiri ba ce. Takan taso ne bayan faɗa, ko duka a gaban jama'a, ko faɗuwa jarrabawa, ko wani tozarci, ta yi tsanani na mintoci ko sa'o'i, sa'an nan ta janye, kamar yadda kogin Yobe ke cika ya tumbatsa ya kuma koma gurbinsa. Wanda ya tsallake wannan sa'a, mafi yawanci yana rayuwa har tsufa. Abin da ke yanke hukunci shi ne abin da hannunsa ya iya kaiwa a lokacin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da magungunan ƙwari suke yi, galibi a yankunan noma. Ƙasar Siri Lanka, da ta hana shigo da mafi dafi daga cikinsu, adadin masu kashe kansu ya faɗi da kimanin kashi 70 cikin 100, aka ƙiyasta an tsirar da rayuka 93,000 tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai durƙushe ba. A nan gida, hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a kasuwanni a 2019. Amma shiga ɗakin ajiya na manomin shinkafa ko mai adana wake ko busasshen kifi a yankinmu: ga ragowar maganin feshi a kan taga, ko a ƙarƙashin gado, wani ma an juye shi a gorar lemo ba ko takarda a jiki. Akwati da kwaɗo, mabuɗi a aljihun maigida, a sayi daidai bukata, kada a aiki yaro sayowa: wannan kaɗai zai tsare rayukan da wa'azin shekara bai tsare ba. In kuwa ƙaddara ta auku yaro ya sha, kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada a sa shi amai, domin hakan na iya tura dafin cikin huhu. A cire masa tufafin da maganin ya jiƙa, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar a garzaya asibiti.

Haka nan masu yaɗa irin wannan labari a WhatsApp da Facebook, da hoto da bayanin yadda aka yi, su ji tsoron Allah. An tabbatar cewa yaɗa shi ta wannan fuska yana jan masu rauni su kwaikwaya, yara kuwa sun fi kowa saurin kwaikwayo.

Su kansu yaran fa, a koya musu? Amsar ita ce e, domin yaro abokinsa yake fara gaya wa kafin kowa. An yi wani babban gwaji a ƙasashe 10 na Turai, a makarantu 168, da ɗalibai kimanin 11,000, aka buga sakamakonsa a mujallar Lancet a 2015: darasi na sa'o'i 5 kacal cikin mako 4, inda ɗalibai ke tattaunawa da wasan kwaikwayo a kan damuwa da yadda ake neman taimako, ya rage yunƙurin kashe kai da kusan rabi bayan shekara guda. Turai ba Yobe ba ce, kuma ba za a kwafo darasin yadda yake ba. Amma asalinsa ba ya bukatar na'ura ko wutar lantarki. Yaro ya san cewa abin da yake ji yana da magani. Ya san mutum biyu ko uku da zai iya gaya wa. Ya kuma san cewa idan abokinsa ya ce masa, "Kada ka gaya wa kowa," to wannan amana ce da ba a riƙewa. Ana iya karantar da wannan a firamare da ƙaramar sakandare, a Islamiyya da tsangaya, da Hausa da Badanci da Manganci da Fulatanci, da boko da ajami, da kuma rediyo saboda waɗanda ba su karatu.

Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri ya fi kilomita 300 daga Nguru. Amma ba kowane mai damuwa ke bukatar ƙwararre ba. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP domin horar da nas-nas da malaman asibitin sha-ka-tafi su gane waɗannan larurori su kuma yi musu matakin farko, Nijeriya ma ta karɓe shi. A Zimbabuwe, Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, gwaji kuma ya tabbatar da fa'idarsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mai wannan larura haƙƙin kulawa da mutunci. Muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Nguru, da babban asibitin Gashuwa, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, da Kwalejin Ilmi ta Umar Suleiman da ke yaye malaman da za su tsaya a gaban waɗannan yara. Ina roƙon waɗannan cibiyoyi, tare da fadar Mai Bade da ta Sarkin Nguru, su sa wannan darasi a cikin horon kowane malami da kowane ma'aikacin lafiya, su kuma jawo masu kemis da limamai da alarammomi a ciki.

Kai kuma mai karatu, idan akwai yaro a gidanka ko a ajinka ko a tsangayarka da ya sauya hali, ko ya furta irin kalmomin da aka ambata, ka keɓe da shi yau ka tambaye shi a fili, cikin taushin murya. Idan ya amsa, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kulle magunguna da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ka kai shi asibiti mafi kusa, ka gaya wa ma'aikacin lafiya abin da yaron ya faɗa ba tare da sakayawa ba. Idan kuma kai ne ke ɗauke da wannan nauyi, ɗana ko 'yata, ka sani ciwo ne da ake warkewa daga gare shi. Ka gaya wa wani babba da ka amince da shi kafin ka kwanta daren yau, in bai saurare ka ba ka gaya wa wani. Allah Ya raya mana zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.